Cukun da Harisu Ke Kawowa

Korgom, 9 ga Janairu

Zuwa ga Maigida, Baban Harisu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Agadas? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka! An naɗa ɗanka shef, wato shugaban ajinsu, a lakwal, makarantar boko. In malaminsu Mushe Ishaƙu ya fita, Harisu ke riƙe alli, ya rubuta masu surutu a allo, wanda aka rubuta ya share fili. Kullum kuma sai ya dawo da cuku, busasshen nonon nan, a aljihu, wai kyautar abokai. Har ni na ci. Ba wadda ban ba labari ba a bakin rijiya.

Taka,
Balkisu

Korgom, 2 ga Fabrairu

Baban Harisu,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan sanyi bai taɓa ka ba. Zauna ka sha labari!

Aishatu, ta gidan makiyayan nan na bayan gari, ta zo ta ce za ta cire 'yarta Najiba daga lakwal. Ashe duk ranar da yarinyar ba ta kawo cuku ba, sai Harisu ya rubuta ta, alhali ko tari ba ta yi. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana shara tana kuka. Wallahi kunya kamar in nutse, ga shi na ci cukun.

Na san za ka ce a kashe maganar a gida. Ban kashe ba. Na ja hannun Harisu har gaban Mushe, ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya ba Najiba haƙuri. Mushe bai dake shi ba. Ya karɓe allin, ya yanka masa sharar kwana goma sha ɗaya. Mu iyaye mata kuma muka shirya, kullum biyu za su zauna gindin itacen bedi na lakwal lokacin shan iska, duk yaron da aka matsa wa ya samu wurin kai ƙara. Ni da Aishatu muka fara.

Najiba ta dawo, Maigida! Kuma ita Mushe ya miƙa wa allin. Jiya Harisu ya yi surutu na gaske, ta rubuta shi. Ya shigo yana kumbure-kumbure, na miƙa masa sabuwar tsintsiyata.

Allah Ya maido mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Balkisu