Zuwa ga Lami, a kan jinin Nomau

Gaisuwa mai yawa, Lami. Na san babu mai kai miki wannan takarda, amma sai na rubuta. Na kira ki da sunanki na gida, wanda na hana kowa ya kira ki da shi tun da kika musulunta kika zama Hauwa.

Muna lafiya a Funtua. 'Yarmu Binta ta fara tafiya, kuma taurin kanki ta kwaso kaf. Audugar bana ta yi kyau. Ina nan ina koyarwa, yara na ta cinye mini alli.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da jini ya ɓalle miki bayan haihuwar Binta, aka kai ki asibiti a Zariya, likita ya ce jininki ba ya karɓar wanda suke da shi. Ya tambaye ni ko kina da 'yan uwa ciki ɗaya. Na ce babu. Kunya nake ji a ga surukaina Maguzawa a gaban abokaina malamai. Na ɗauka jini duk jini ne, na kwaso abokan aka gwada mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dace. Kwana biyu kika yi kina jira.

Ashe sun ajiye ɗan jininki a kwalba suna ta bincike a kansa. Bayan damina wani likita mai nazarin jini ya neme ni. Ya ce akwai wata alama a ƙwayoyin jinin kusan kowa, ke kuma ba ki da ita, kuma irin wannan a cikin 'yan uwa aka fi samunsa. Ya ce wata mata na kwance da irin matsalarki. Sai ya sake yi mini tambayar nan. Wannan karon na faɗi gaskiya.

Ni na raka shi da mutanensa ƙauyenku bayan Ƙarfi, inda na hana ki zuwa shekara huɗu. Innarki ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, kamar ban taɓa yi musu komai ba. Aka tsaga yatsun ƙannenki uku, aka ɗiga jinin a farin faranti, aka tafi da saura. Bayan mako sakamako ya zo. Na Nomau ya dace, Nomau ɗin da kika goya.

Na same shi a gona na gaya masa komai, har ƙaryar da na yi. Na so ya zage ni, Lami, da na ji sauƙi. Sai ya tambaye ni ko matar nan tana da 'ya'ya. Bai tambayi addininta ba, bai tambayi garinsu ba. Ya ajiye fartanya ya bi mu mota.

An ƙara wa matar jininsa, ta tashi, an sallame ta. Na yi murna, na kuma yi kuka, don na ga da idona abin da zai faru da na buɗe baki. Wa ya hana ki wannan in ba ni ba? Kin sani kuwa, lokacin da kike riƙe da hannuna kina ce mini kada in damu?

A hanyar dawowa Nomau ya ce ranar da kike kwance yana kasuwar Funtua, ya kawo dawa. Ya bi ta ƙofar gidanmu, ya tsaya, bai shiga ba, don na taɓa ce masa kada ya riƙa zuwa.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Ki yafe mini in ana yafewa daga can.

Mijinki,
Isa