Gemun Nan Ba Zai Sha Reza Ba, Solange

Zuwa ga Solange, hasken idona, sanyin zuciyata, ruwan zaƙin da ke ɗiga daga bishiyar sukari idan sanyi ya fara sakin jiki, ranar farko mai ɗumi da ke narkar da ƙanƙarar kan rufi, ke da dariyarki ta fi ƙahon filin wasanmu girgiza mini ƙirji! Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, gaisuwar wanda kika yi wa horon shiru, yana kuma ɗauka ba tare da ya karaya ba.

Saƙonki ya iso gare ni. Yayanki Ghislain ya same ni a gareji, kaina yana ƙarƙashin motar wani, ya tsaya yana murmushin mugunta, ya ce, "To Sarkin Gemu, fito ka ji. Solange ta ce ka aske wannan tsintsiyar kafin wasan Asabar, ita kuma ta ba ka amsar maganar auren da ka yi mata a bakin kogi. In ka ƙi, ta san matsayinta, ta san na ƙungiyarka." Ya faɗa ya juya yana fito, ko hannu bai ba ni ba.

Haba Solange! Haba farin cikina! Yanzu? Yanzu da 'yan Korenmu na Saint-Ovide da 'yan Janku na Port-Lachance suka ci wasa uku-uku a hokin ƙanƙara, saura wasa ɗaya tal, wanda ya faɗi ya rataye sandunan hokinsa sai baɗi? Kin fi kowa sanin tun ranar da aka shiga wasannin neman kofi babu namijin garin nan da ya kusanci reza, don mun yi alkawarin ba aski sai ranar da aka fitar da ƙungiyarmu ko ta ɗaga kofi. Armand mai aski ya rufe shago ya tafi kamun kifi. Fadan cocinmu ma da ke huɗuba ranar Lahadi, sosa haɓa yake yi a gaban jama'a. Kuma na san daga bakin wa wannan dabarar ta fito. Baba Réjean ne, mahaifinki, wanda ya yi imani gashin fuskokinmu ne ke tare wa golanmu faifai, wato ƙwallon hoki, yana so a rage mana ko da mutum ɗaya. Ki gaishe shi da girmamawa, ki ce masa na gano shi.

Amma ban ɗauki maganarki wasa ba, domin na san akwai tsoro na gaske a ƙarƙashinta. Kin ga ƙawayenki da mazajensu ke ɓacewa duk bazara, jiki a gida, hankali a filin ƙanƙara. Kina so ki sani ko akwai sauran wuri a zuciyar da aka shafe da kore tun tana jaririya. Tambaya ce mai kyau, kuma ina da amsa.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Wata Lahadi ce da rana, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Kin ɓace wa mutanenku, kika ratso tsakiyar 'yan Kore da jar rigarki kamar barkono a cikin alayyahu, kika zauna a kujerar da ke gefena. Kujerar marigayi babana ce. Tun da ya rasu nake sabunta tikitinta, ban taɓa barin kowa ya hau ba, har yaran layinmu sun san ba a ɗora ko hula a kanta. Na buɗe baki zan ce ki tashi, sai 'yan wasanku suka zura mana ɗaya, kika miƙe ke kaɗai kina ihu a tsakiyar dubban mutanen da suka yi tsit. Kika juyo kika dube ni, kika ce, "Malam mai kore, wai golanku raga yake tsaro ko ƙofar kanti? Na ga kowa shiga yake yi." Inna Fernande, tsohuwar da ke kaɗa ƙararrawar shanu a bayana tun ina ɗan mitsitsi, ta zungure ni da ita a kafaɗa, ta ce, "Kai Gaétan, ko ka kira masu gadi su fitar da yarinyar nan, ko ka tambayi sunanta. Kada ka zauna mini kamar gunki." Na tambaya. Kika cinye rabin soyayyen dankalina da cuku, aka lallasa mu, ni kuma na koma gida ina waƙa. Ban taɓa shan kashi na yi waƙa ba sai ranar.

To, ki saurare ni, ya ke tauraruwar tsallaken kogi. Ƙungiyar nan ta daɗe tana karya mini zuciya. Akwai shekarun da muke can ƙasan teburi, filin ya zama kango, har kana jin ƙarar takalman zamiya a kan ƙanƙara da ashar ɗin da koci ke ɗura wa alƙalin wasa. Ina masu fentin fuskar da suka cika gari yau suke a lokacin? Suna gida suna shan shayi! Ni kuwa nakan tone motata daga cikin dusar ƙanƙara da shebur, in je in zauna in kalli yadda za a yi mana cin kaca, in tafa musu, in dawo wani makon. Ba don wauta ba. Haka babana ya koya mini so: ka zo ranar daɗi, ka zo ranar kunya, kada ka tashi kafin a tashi.

Wane irin miji kike so, Solange? Wanda ke zuwa sai in fili ya cika? Ke ma za ki yi shekarun da ba a cin wasa. Za ki yi ciwo, za ki yi fushi ba dalili, gashin nan da nake mutuwa a kansa zai yi fari. Idan na saɓa alkawarin da na yi da mutanen layinmu yau don kin ɓata rai, gobe da me za ki riƙe alkawarin da zan yi miki a gaban Allah? Mutumin da ba ya aske gemu a tsakiyar hanya shi ne mutumin da ba zai saki hannunki a tsakiyar hanya ba, kuma kin san haka, don ke ma ba ki taɓa cire jar rigarki don kowa ba.

Kina tsammanin daɗin gemun nake ji? Wayyo! Ƙaiƙayi yake kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero a wuya. Miya tana maƙalewa a ciki. Jaririyar ƙanwata tana ganina take tsala ihu. Kuma duk wannan bai kai shirunki ciwo ba. Ƙanƙarar kogi ta fashe, dinyoyi sun dawo daga kudu suna ta surutu a sama, kowane abu ya sami bakin magana sai wayata. Ina tsayawa a bakin gada ina kallon rufin gidajen garinku, ina cewa a ƙarƙashin ɗaya daga ciki akwai mai taurin kan da nake so fiye da numfashina. Ina kewarki, Solange, kewa mai hana cin abinci.

Ga abin da zan ba ki a madadin reza. Tikitin kujerar babana na wasan Asabar yana cikin wannan ambulan. Maigidana na gareji ya roƙa, ɗan kawuna ya yi kwana yana bina, na hana su. Ki zo da jar rigarki. Ki yi ihunki yadda kika saba, ki zagi golanmu, duk wanda ya ɗaga miki murya zai gamu da ni da ƙararrawar Inna Fernande. In an tashi, kada ki yi saurin fita. Ki tsaya mu kalli yadda ƙattin da suka kakkarya wa juna haƙora za su jeru a tsakiyar fili suna musabaha ɗaya bayan ɗaya.

Idan mun ci, kuma za mu ci, don golanku ba ya gani ta hagu, ba zan yi miki gori ba. To, kaɗan zan yi. Gemu zai ci gaba zuwa zagaye na gaba, kujera kuma taki ce har ƙarshe.

Idan kuwa ku kuka ci, kin san al'ada: kowane namiji a Saint-Ovide zai je ya aske fuskarsa cikin baƙin ciki, Armand ya buɗe shago, layin masu jiran aski ya kai bakin titi. Ni ba zan aske ba. Zan ɗauki gemun nan in tsallaka gada da shi, in zauna tsakaninki da Baba Réjean a filinku, kowane wasa, har 'yan Ja su ɗaga kofi ko su faɗi. Ba a taɓa yin haka a zuriyarmu ba. Za a yi ta yi mini ba'a a gareji har in tsufa. Jar riga kam ba zan sa ba, kada ma ki fara. Amma gemun Gaétan zai yi wa ƙungiyarki aiki, kuma ba ni da wani abu da ya fi wannan tsada da zan miƙa wa ɗiya mace. Ranar da kakar wasa ta ƙare, ki ɗauki rezar da hannunki ki share shi, ki ga fuskar mijinki.

Na san za ki zo. Na san ki, ba ki iya jin ana wasa irin wannan kina ɗaki. Zan jira ki a ƙofar gabas tun kafin a buɗe. Duk garin gemu ne da kore, amma ba za ki sha wahalar gane ni ba. Tun da na yi wayo ban taɓa rasa ganin jefa faifan farko na buɗe wasa ba, ko da zazzaɓi. Ranar Asabar kowa zai shige, ƙaho zai yi kuka, filin zai ɗauki ihu, za ki ga mutum ɗaya tak a waje yana kallon hanyar gada. Ba zan shiga ba sai da ke.

Naki a shekarar kofi, naki a shekarar kashi, naki har ranar da za a kashe fitilun fili na ƙarshe,

Gaétan