Zuciyar Sarkin Skotlan da Maganar Ɗakina

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da ƙafarta, da su Rabi da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai kewa.

Tsohon nan da nake jinya a garin Bowie, nan Amurka, ya rasu. Haifaffen Skotlan ne, kuma tunda na fara aiki a gidansa ban ga wani nasa ya leƙo ba. Kullum ina ba shi abinci yana ba ni labarin wani sarkinsu na da, wanda ya yaƙi Ingila har ƙasarsu ta samu 'yanci. Aka kashe masa 'yan'uwa, aka kama matarsa da 'yarsa, bai saduda ba. Da ya mutu aka ciro zuciyarsa aka tafi da ita yaƙi wata ƙasa mai nisa, daga baya aka maido ta gida aka binne.

Na ce, "Subhanallahi! Wa ke feɗe gawa?"

Ya ce, "Shi dai ya samu mai mayar da shi gida."

Yaya, ranar jana'izarsa ni kaɗai ce, sai limamin coci da ma'aikata. A nan Maryland aka binne shi.

Saboda haka maganar da kuka yi ta ba ƙaninmu Sani ɗakina idan ya yi aure, a'a. Ku gina masa wani. Nawa a riƙa sharewa, a bar katifar inda take.

Ka gaishe da kowa. Inna ta sa ni a addu'a, Allah ya maido ni da ƙafata.

Ƙanwarka,
Hadiza