Fuskar Sarkin Ɗinki Ba Zanen Ɗaurawa Ba Ce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Maɗinka da Masu Surfani ta Hausawan Adjamé da Treichville, a madadin shugabanta, da dattawanta, da iyayenmu mata masu ɗinkin hula, da ɗaukacin 'ya'yanta, tana sanar da al'ummar Musulmi da sauran maƙwabtanmu na Abidjan cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Alhaji Abduljalil Sayyadi, Sarkin Ɗinkin Bromakoté, wanda Allah ya yi wa cikawa a farkon wannan wata, bayan jininsa ya hau yana tsaye yana jera riguna a zauren baje koli na wata makarantar koyon zane da ƙira da ke Treichville. An yi masa sutura washegari bayan sallar Juma'a a maƙabartar Williamsville, kamar yadda addini ya tanada. Ya bar matarsa, Hajiya Ruƙayya, da 'ya'ya, babbansu Fatihu, da jikoki, da ɗaliban ɗinki waɗanda shi kansa bai san adadinsu ba. Mun jinkirta fitar da wannan saƙo ne domin mun so mu rubuta shi da sanyin zuciya, mu yi wa dattijo addu'a mu yi shiru. To, ba a bar mu ba.

Marigayi Sarkin Ɗinki ya sauka Abidjan daga Zariya yana saurayi, ba shi da komai sai allura da zaren tsamiya, ya samu gefen wata baranda a Bromakoté ya shimfiɗa buzunsa, kuma a wannan unguwa ya tsufa. Duk wanda ya taɓa sa babbar riga mai aska takwas ya shiga taro a garin nan aka bi shi da kallo, to da wuya idan ba ta hannun Alhaji ta bi ba. Lokacin da surfanin inji ya cika shagunan kasuwar Roxy, da yawanmu muka ajiye allura muka koma keke, bai zage mu ba, bai kuma bi mu ba. Shi ne ya kafa wannan ƙungiya, shi ne kuma ya sa mana ƙa'idar da muke alfahari da ita har gobe, wato idan tela ya kwanta ciwo ana gab da Sallah, 'yan'uwansa su raba ɗinkunansa su ƙarasa, su kai wa masu kaya da sunansa, kada kowa ya ji labari. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, wannan kam ba a faɗa. Sai ka yi mako kana fama da tambari a bayan riga, ya zo ya duba, idan ya ga layi ya karkace ya zauna ya warware shi tas, ya naɗe zaren ya miƙa maka, ko uffan ba zai ce ba. Mai sa hannu a wannan takarda ya sha karɓar irin wannan zare, kuma yau da za a sake miƙa masa da ya karɓa da hannu biyu.

Da makarantar nan ta Treichville, wadda ba za mu ambaci sunanta ba domin ba talla muka zo yi mata ba, ta nemi ya riƙa koyar da ɗalibanta surfanin hannu, dattawa da dama ba su so ba. Shi ya ce yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Faransanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, sun daina zuwa baranda, don haka gara a bi su inda suke zaune. Haka ya riƙa shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin hayar garin nan, da tsufansa yana tsallake gada, yana koyar da 'ya'yan Hausawa da na Jula da na Bawule da duk wanda ya miƙo hannu, har suka laƙaba masa suna Papa Aska. Kowace shekara, idan makarantar ta buɗe baje kolinta na ƙarshen karatu, akwai kusurwar da ake rataye aikin ajinsa. A bana kuwa aka ce zauren gaba ɗaya nasa ne, shi ya sa ya bi gida-gida yana aron rigunan da ya ɗinka wa mutane tun shekaru aru-aru, masu su kuma suka ciro daga ƙasan akwati suka ba shi saboda shi ne.

Sharaɗi ɗaya tak ya taɓa gindaya wa makarantar, tun ranar da ya fara taka ƙofarta: kada a ɗauki hotonsa. Yakan ce a kalli riga, fuskar tela ba ta da wani amfani ga kowa. In ban da na takardar zama da na fasfon aikin Hajji, waɗanda dole ta sa, Alhaji bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Makarantar ta san haka sarai. Malamanta da kansu ne suke tare masu ɗaukar hoto a ranar buɗe baje koli, su ce a juya wancan gefe, dattijon ba ya so.

Bayan rasuwarsa, wakilan makarantar sun zo gaisuwa ranar sadakar bakwai, da kambun furanni a hannu. Mun karɓe su da mutunci, suka ce mana yako, wato sannu da rashi a bakin mutanen ƙasar nan, muka amsa, muka ba su wurin zama da ruwan sha. Ba wanda ya ga laifin furanninsu, kowa da yadda ya tashi ya ga ana yi a gidansu. Sun zauna sun jima, amma babu wanda ya buɗe baki ya faɗa mana abin da suke shiryawa. Sai a farkon makon nan mai turin kaya ya sauke dilar atamfa a shagon marigayi, da saƙon cewa a ɗinka wa malamai da ɗalibai anko, za su sa ranar Asabar mai zuwa wajen buɗe baje kolin, wanda yanzu suka mayar taron karramawa, omaj inji su. Fatihu ya warware turmi ɗaya a kan teburin da ubansa ya yi shekaru yana yanka a kai, ya ɗauki almakashi, sai ya ga fuskar mahaifinsa tana kallon ƙasa, an jera ta daga wannan baki zuwa wancan. Hoton kuwa wani ɗalibi ne ya sata da wayarsa, dattijo ya sunkuya yana aiki bai sani ba.

Ba su tsaya nan ba. A bakin zanen, daidai inda yake share ƙasa idan mace ta ɗaura, sun buga ayar da muka buɗe wannan saƙo da ita, da rubutun Larabci, an mayar da ita ado. Da damina muke. Duk wanda ya taɓa ratsa Adjamé bayan an ɗauke ruwa ya san abin da bakin zane yake kwasa. Wannan shi ne za a ɗaura a zauna a kai, a shiga banɗaki da shi, a wanke a shanya a kan kwata.

Muna so a fahimce mu da kyau. Ba mu da faɗa da al'adar maƙwabtanmu ta buga hoton mamaci a riga ko a zane. Muna zuwa jana'izarsu, suna zuwa tamu, kuma mu ne ma muke ɗinka musu irin wannan anko idan sun yi rashi, da hannunmu, ba tare da mun taɓa yamutsa fuska ba. Faɗanmu da makaranta ne, wurin da ake koya wa yara su kalli abu su gane shi kafin su taɓa. Mutumin nan ya yi shekaru a cikinku. Kun san abu guda da ya ƙi a duniya. Yana rufe ido sai ku yi masa shi, ku kuma aiko wa ɗansa ya sa almakashi? Shugabar makarantar ta shaida wa shugabanmu ta waya cewa ƙauna ce ta sa, kuma an riga an buga, an riga an gayyaci manyan baƙi. Ba mu musa ƙaunar ba. Amma daga Treichville zuwa Bromakoté gada ɗaya ce, dattijo mai hawan jini ya yi ta tsallake ta dominku, ku kuwa kun kasa tsallake ta sau ɗaya ku tambayi iyalinsa ko ya halatta. Manyan baƙinku ba su fi mana mamacinmu ba.

Abin da ya fi ci mana rai ma a cikin gida yake. Aikin buga atamfar nan ta hannun wani ɗan kasuwarmu na Adjamé Liberté ya bi, Bahaushe, Musulmi, wanda ya iya karatun Larabci, wanda ya tsaya a sahun gaba ranar da aka sallaci Alhaji. An nuna masa samfur, ya ga fuskar, ya karanta ayar, ya ja bakinsa ya yi gum. Ragowar da makarantar ba ta ɗauka ba kuma ya sake ta a kasuwa, ga ta can tana lilo a shagunan Roxy. Ɗaliban nan ana iya cewa rashin sani ne ya ja su. Shi fa? Mun bar sunansa saboda darajar iyayensa, amma ya sani mun sani, kuma kada ya kuskura ya zo mana da dogon bayani.

Saboda haka ƙungiya ta zauna da dattawanta, da Limamin unguwa, Malam Zainulabidin, ta yanke cewa babu wani tela ɗanta, a Adjamé ko a Treichville, da zai sa almakashi a wannan atamfa, ko wane ne ya kawo ta. Wanda ya riga ya saya bisa rashin sani, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ya kawo ta masallacin unguwa, ba za a kunyata shi ba, za a gode masa. Liman ya ce a tattara duka a binne a wuri mai tsarki saboda ayar da ke jiki, kuma haka za a yi. Makarantar kuma muna kira gare ta, a gaban jama'a, ta miƙo duk abin da ya rage a hannunta, ta goge hoton daga duk inda ta ajiye shi. Idan ta yi haka kafin Asabar, za mu zo buɗe baje kolin da kanmu, mu tsaya kusa da rigunan malaminmu mu yi wa baƙi bayani. Idan ta ƙi, masu rigunan sun riga sun ce za su je kowa ya sauke tasa, domin Alhaji suka ara wa, ba makaranta ba. Sai a buɗe taron a gaban bango wayam.

Daga ƙarshe muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu, Hajiya Ruƙayya, wadda take cikin takaba, kuma wadda wannan al'amari ya fi taɓawa fiye da kowa. Dattawa sun je su sanar da ita hukuncin ƙungiya daga bayan labule, sai suka tarar labari ya riga su. Wata maƙwabciyarta mai sayar da aceke, abincin rogon nan, mutumiyar kirki da suka yi shekaru suna zaman lafiya, ta sayi zanen a Roxy ta ɗaura ta shigo yi mata gaisuwa, tana ganin girmamawa ce. Mun ɗauka za mu tarar da Hajiya cikin fushi irin namu. Sai ta aiko Fatihu da roƙon cewa kafin a binne, a bar mata fuska guda ɗaya daga jikin zanen. Ta ce shekara arba'in da wani abu tana zaune da mutumin nan, ba ta da hotonsa ko ɗaya da ya yi kama da shi, kuma tun da aka fita da shi take ƙoƙarin tuno fuskarsa tana kuɓuce mata. Ta ce ta san ba ya so, za ta nemi gafararsa idan sun haɗu.

Ku masu makarantar nan, ga inda kuka kai mu. Kun sa baiwar Allah tana zaɓi tsakanin wasiyyar mijinta da kewarsa, abin da da kun yi tambaya ɗaya da bai taso ba. Dattawa sun dubi Liman, Liman ya sunkuyar da kai. A cikinmu, mu da muka tsufa da almakashi a hannu, an rasa wanda zai iya yanko mata fuska ɗaya daga jikin zanen, don haka aka naɗe turmi guda cur, fuskar tana ciki, aka miƙa mata. Duk wanda ya ga dama ya buɗe baki ya zarge ta a kan wannan, to da ƙungiya yake yi, ya zo ya same mu.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Alhaji Abduljalil Sayyadi, Sarkin Ɗinkin Bromakoté, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Fatihu da ƙannensa da jikoki da ɗaukacin dangi na nan da na Zariya juriyar wannan babban rashi, ya kuma sanyaya zuciyar Hajiya Ruƙayya, ya kama hannunta a kwanakin da ke gaba. Turmin yana ɗakinta, a gefen gado. Fatihu ya shaida mana cewa har safiyar yau ba ta iya buɗe shi ba.

Sa hannu:
Malam Tasi'u Ɗanlami
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Maɗinka da Masu Surfani ta Hausawan Adjamé da Treichville,
Abidjan.