Baƙon da Ya Ci Abincin Makokinsa

Amman, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanwata Nahla,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Abu Rami da yara kuna lafiya, kuma zafin Aƙaba bai gasa ku ba. Mu nan alhamdu lillahi.

Kin tambayi shirina na rediyo, wanda nake zama da tsofaffin 'yan jarida su ba ni labarin da ya fi ba su mamaki a aikinsu. To, shirin yana tangal-tangal. Shugaban sashenmu ya ce mutane sun gaji da ɗan maraƙi mai kai biyu. In ban kawo abin da zai sa direban tasi ya tsaya a gefen hanya ba kafin azumi, masu ƙwallo zai ba lokacina.

Labarin kuwa na samu. Wani tsohon ɗan jarida, Abu Saƙar, ya ce yana saurayi motarsu ta lalace a wani ƙauye kusa da Tafila, shi da mai ɗaukar hotonsa, Abu Hani. Suka tarar ana zaman makokin wani Miflih, wanda aka aiko cewa mota ta kashe shi a Kuwait. Ashe Miflih ɗin yana cikin rumfar makokin. Ya tafi ba gemu, ya dawo bayan shekaru da gemu har ƙirji, ya rame, ya rufe fuska da rawani. Ya tambayi wa ya rasu, aka faɗa masa sunansa. Da yake ba a tambayar baƙo ko shi wane ne sai ya kwana uku, ya zauna yana cin mansaf ɗin makokinsa, wato shinkafa da naman rago da romo.

Matsalar ita ce yadda aka gane shi. Abu Saƙar ya ce uwarsa ce ta fito ta rungume shi. Abu Hani ya rantse mini cewa wani maƙwabci ne ya ƙwalla ihu ya suma. A kan wannan suka ɓata, shekara talatin ba sa ga-maciji. Ni kuwa ba zan faɗa wa jama'a abin da shaidu biyu suka saɓa a kansa ba.

Ki gaishe da kowa. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Widad

Aƙaba, tsakiyar Rajab

Yaya Widad,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi kuma ya gasa mu, mun gode da tambaya.

Yaya, ke dai har yanzu kina nan yadda kike a makarantar Alƙur'ani, inda in an ce wane ya ce, sai kin tambayi wa ya ji shi. Ki ɗauki na uwar mana! Kowa zai yi kuka, shugaba ya bar miki lokacinki. Wa zai kai ki ƙara, mamacin?

Na karanta wa Abu Rami, ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce mutumin da ya tsallake mutuwa sau ɗaya ba ya saurin komawa, ki je ki duba ko yana nan. Shekara ashirin ina aurensa, yau ya fara faɗin abin kirki.

Ki aiko mini da za'atar ɗin da kika yi alkawari, garin ganyen nan da muke ci da burodi. Allah Ya bar mana ke.

Nahla

Amman, ƙarshen Sha'aban

Ƙanwata Nahla,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, musamman Abu Rami, Allah Ya saka masa. Miflih yana nan da ransa, ya yi Hajji, haƙoransa ma sun fi nawa.

Mijina Abu Laith ya kai ni ƙauyen. Alhaji Miflih ya karɓe mu hannu bibbiyu, amma ya ce ba zai buɗe baki ba sai na kawo masa yaran nan biyu na jarida, don har yau bai ga wanda ya tambaye shi ba. Abu Hani ya yarda nan take. Abu Saƙar kuwa ya ce ya gwammace ya shiga mota da akuya.

Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na koma gidansa, ya zuba mini gahawa da hannunsa, na karɓa na ajiye finjalin a gabana ban sha ba, kamar yadda dattawa suke yi in sun zo roƙo. Matarsa ta leƙo daga ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

Ya ce, "'Yata, wannan aikin masu gashin baki ne."

Na ce, "Baffa, ban samu mai gashin bakin ba, kuma gahawar tana hucewa."

Ya kalli finjalin, ya kalli matarsa, ya ce da gahawa ta huce a gidansa gara ya ga fuskar Abu Hani. "Sha, an ba ki abin da kika zo nema."

A mota tun daga Amman ba su yi wa juna magana ba, sai ta bakina. Wannan ya ce in gaya wa mai hoton ya rufe taga, wancan ya ce in gaya wa marubucin ƙarya iska ta Allah ce. Abu Laith dai tuƙinsa yake yana istigfari.

Bayan mun ci abinci na kunna rikoda. Alhaji Miflih ya ce da farko niyyarsa ya bayyana kansa, sai ya ji ana yabonsa. Mutanen da suka kira shi malalaci suna cewa ba a haifi namiji irinsa ba. Ya ce wa zai katse irin wannan? A rana ta uku aka shigo da baƙi biyu 'yan birni, aka ajiye musu faranti, aka manta da su. Shinkafarsu ta bushe, babu mai zuba musu romo, ƙannensa suna can suna surutu. Ya ce mutuwa ya jure ta, amma a wulaƙanta baƙo a gidan ubansa, wannan ya fi ƙarfinsa. Bai san sanda ya miƙe ya ɗauki ludayi ba, ya tsaya a kansu yana zubawa yana cewa su ci, gidansu ne, yana zagin ƙannen da sunayensu na yarinta. Wa ke tsayawa a kan baƙi da ludayi in ba maigida ba? Nan rumfa ta yi tsit. Daga baya ne maƙwabcin ya suma, uwa ta fito.

Ya nuna su da sanda. "Ku biyun nan ba ku ga komai ba. Kanku na cikin faranti. Kai ka ce mini a ƙara nama, kai kuma ka ce madalla."

Nahla, na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini, don kada dariya ta kuɓuce mini.

A hanyar dawowa, karo na farko, bakinsu ya zo ɗaya: kada in sa wannan wurin. Sun ce sunan da suka yi shekaru suna ginawa zai zube a cikin romo. Ni kuma ba zan yanke gaskiyar in bar saura ba, ba kuma zan kunyata dattawa ba da yardarsu ba. Na gaya musu haka, na ce kaset ɗin yana hannuna har Alhamis, ranar da shugaba yake jira. In ba su yarda ba, masu ƙwallo su sha lokacin lafiya.

Za'atar yana hannun direban da ya kawo miki wannan. Allah Ya kai mu azumi lafiya.

Widad

Amman, Laraba

Zuwa ga 'yarmu Widad, Umm Laith,

Bayan sallama da girmamawa. Mun yi shawara. Ki sa shi duka, kada ki cire ko tari. Ɗan jaridar da ya ɓoye labari don shi ne a ciki bai cancanci alƙalami ba.

Abu ɗaya kawai za ki gyara. Abu Hani yana cewa shi ya fara ɗaga kai daga farantin. Ba haka ba ne, ni ne. Ga shi nan kusa da ni yana leƙen abin da nake rubutawa yana cewa ƙarya nake, ya kuma cinye mini rabin kunafa, kayan zaƙin da na saya. Ki ba mu makirfo ɗaya ranar Alhamis, jama'a su yi hukunci.

Ki gaishe da maigida.

Baffanki,
Abu Saƙar