Inna, Na Matso da Turken Shanu Bakin Rijiya

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da roƙon Allah Ya haskaka kabarinki, ɗanki Sani ne daga gida Unguwar Tudu. Shekara uku ke nan da rasuwarki, ban taɓa jin rashinki kamar wannan makon ba.

Rabi matata ta haihu, mun yi miki takwara, muna ce mata Ummi. Ruwan nonon Rabi bai wadata ba, sai muka haɗa da madarar gwangwani. Ni da kaina nake ɗebo ruwa a rijiyar gidanmu, in tafasa shi har ya kusa ƙonewa rabi, kamar yadda kike yi mana in cikinmu ya ɓaci.

Ranar Talata leɓɓan Ummi da faratanta suka koma kalar toka, numfashinta sama-sama. A asibitin Gwarzo aka ceto ta. Likita ya ce wani sinadari ne a ruwan, naitiret sunansa, yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Ya ce tafasawa ba ta kashe shi, ruwan ne ke ƙafewa shi ya zauna. Wato duk ƙwazon da nake yi a bakin murhu ƙara mata gubar nake yi.

Kin san ɗan naki da saurin baki. Tun kafin a sallame mu na yanke hukunci: masu fasa dutse ne. Tun bara wani kamfanin hanya ke tayar da nakiya ta wajen Masanawa, har kwanukanki na jere suna kaɗawa. A ƙofar masallaci babu wanda ya fi ni ɗaga murya.

Sai aka turo wata Malama mai gwajin ruwa, da kwalabenta. Ba ta musa mini ba. Ta ce nakiya na barin wannan sinadari a ƙasa, amma takin zamani ma haka, kashin dabbobi da masai ma haka, kuma kowanne da shaidarsa, kamar sawun akuya da na jaki. Ta bi rijiyoyi tun daga gindin dutsen har unguwarmu tana tsoma 'yar takarda. Na kusa da dutsen sun rina takardar kaɗan. Tamu ta fi kowacce rina ta.

Daga nan ta tsaya tana kallon shanun huɗata guda biyu da tsibin takinsu. Ta auna da ƙafa zuwa bakin rijiya. Taku shida.

Inna, can bayan rumbu kika sa Baba ya kafa turken nan. Muna yara muna cicciɓar bokiti muna gunaguni, ke kuwa kina cewa ba a haɗa makwancin dabba da mashayar mutum. Na ɗauka fitinar tsufa ce. Ko arba'in ɗinki ba a yi ba na matso da su inuwar rijiya, ina ta yabon dabarata.

Malamar ta tafi da ruwan zuwa Kano, sai mako mai zuwa za a san mai laifin. Ba zan ɓoye miki ba, addu'a nake Allah Ya sa nakiyar ce, kuma ina jin kunyar addu'ar. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na kamfani. In Ummi ta yi tari sai in tashi in duba leɓɓanta. Maƙwabta huɗu ke ɗiba a rijiyar nan, matar Malam Audu kuma cikinta ya tsufa.

Jiya na rufe rijiyar da kwanon rufi, na ɗora dutse, na bi gida-gida na faɗa musu da bakina. Na kwashe takin. Da na je mayar da turken bayan rumbu, sai na tarar ramin da Baba ya haƙa bai gama cikewa ba. A ciki na kafa shi.

Allah Ya gafarta miki, Ya raya takwararki, Ya kare 'ya'yan maƙwabta daga gangancina. Ki yafe mini, Inna.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Sani