Na'ura Ta Ƙi Yatsana

Malbaza, daren Laraba.

Yau na je buro yin katin zaɓe da alƙalamina bik a aljihu, kasancewar yanzu ni mai sa hannu ne. Ma'aikacin ya ce yatsa kawai na'ura take karantawa. Na ɗora nawa, ta ƙi. Ashe dakon siminti ya shafe zanensa.

Na ce, "Ɗana, kira mini shugabanta."

Ya ce, "Baba, ni ma ita nake bi."

Amma maƙwabcina Ɗan Jimma, wanda bai taɓa ɗaga buhu ba, nan take ta karɓe shi. Lallai ƙasa tana cikin hatsari idan malalata kaɗai za su yi zaɓe.

Na shafa wa yatsan man kaɗe don zanen ya dawo, na sanar da uwargida cewa na ajiye aiki sai bayan zaɓe, saboda kishin ƙasa. Ta ce to, tuwo ma sai bayan zaɓe.